Motar da Alhaji Ya Cire wa Hula

Matasan da ke tsayawa a bakin garejinmu a Gumel, wayoyi a hannu, suna kallon yadda ake miƙe ƙofar mota, sukan ce mini: “Yaya Habu, ashe aikin naku bugu ne kawai, a shafa fila, a fesa fenti.” Wanda bai taɓa riƙe guduma ba haka zai gani. Amma tun da maganar ta yawaita, na ga ya dace in rubuta abin da na sani game da sana'ar bugun jikin mota, wadda na taso a cikinta tun ina firamare a hannun Baffana Malam Idi, ƙanin mahaifina, na kuma dawo mata bayan na kammala karatun injiniya a jami'a. Zan bambanta abin da na gani da idona da abin da aka faɗa mini. Inda na manta kuwa, zan ce na manta.

Aikin farko da Baffa ya ba ni ba mota ba ce, daron wankin matarsa ne da saniya ta taka. Ya miƙo mini ƙaramar guduma da doli, wato dunƙulen ƙarfen da ake tarewa da shi ta baya yayin bugu, ya koma kan aikinsa. Na auna tsakiyar lotsawar na maka mata guduma. Daron ya yi ƙara, lotsawa ɗaya ta zama uku. Baffa bai ko ɗago kai ba, ya ce: “Habu, ƙarfe ba jaki ba ne. Inda ya fara lanƙwashewa, nan ne zai zo ƙarshe wajen miƙewa. Faro daga gefe, ka bi shi da lallashi.” Sai da na ɓata darurrukan unguwarmu da dama kafin a yarda in taɓa mota, kuma ko da aka yarda, samfefa aka ba ni, ba guduma ba. Na yi shekaru ina gugar jikin motoci har zanen yatsuna ya shafe. A nan ne na koyi rufe ido in bi ƙarfe da tafin hannu, domin a cewar Baffa, ido yana yin ƙarya idan rana ta haska, amma tafin hannu bai iya ƙarya ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai gudumomi iri-iri, mai faɗin baki da mai tsini da ta icce. Akwai doli manya da ƙanana. Akwai zarto, da jak na tura ƙarfe, da tukunyar gas ta walda, da bindigar fenti da injin da ke ba ta iska. Sai wani abu da ba a sayarwa a shago: maganaɗisun tsohuwar lasifika, wanda Baffa ke ratayawa a wuya da igiya. Duk motar da aka kawo, kafin mai ita ya buɗe baki, sai ya bi jikinta da shi. Inda ya manne, ƙarfe ne lafiyayye. Inda ya faɗi, wani ya riga mu, ya cike rami da fila ya rufe da fenti. Da wannan maganaɗisun Baffa ya kunyata dillalan mota da yawa ba tare da ya ce uffan ba.

Masu kawo mana aiki kuwa, mafi yawansu direbobin layin Maigatari ne, kuma kowannensu yana son motarsa kafin Alhamis, ranar kasuwa. Ba su taɓa buge komai ba, a bakinsu. Na tuna wani da ya kawo mota da gashin jaki maƙale a fitila, ya rantse cewa iska ce ta lotsa masa gaba. Baffa ya zare gashin a hankali, ya ɗaga shi ga hasken rana, ya ce: “To, Allah ya ba iskar lafiya. Ina fata mai ita bai kai ƙara ba.” Sai kuma motocin da ake shigowa da su ta Nijar, waɗanda suka sha tafiya daga bakin teku, kowace da tabonta. Su ne abincin garejin na gaskiya.

Shi ya sa shekarar da aka rufe iyaka ta zame mana mummunar shekara. Motoci suka daina shigowa, direbobi suka daina damuwa da lotsawa, tun da ba su da abin biya. Masu koyon aiki suka watse, wasu gona, wasu acaɓa. Mu da muka rage muka koma like bokiti, da ƙera ƙofofin langa-langa, da zuwa ƙauyukan Gagarawa gyaran amalanken shanu. Baffa, wanda ake kawo wa mota tun daga Damagaram, na gan shi zaune yana miƙe murfin tukunya, yana yi da natsuwar da yake yi wa motar gwamna.

A tsakiyar wannan hali ne babbar motar ɗaukar shanu ta tsaya a ƙofarmu da hantsi, aka kwance tamfol, muka ga wani jan abu kwance a ciki.

Na ce kwance, domin ba zan iya cewa tsaye ba. Tsawonta daga ƙasa bai wuce ƙuguna ba, ni kuma ba dogo ba ne. Gabanta kamar bakin gatari, bayanta faffaɗa, kujeru biyu kacal. Kafin a gama sauke ta a kan katakai, rabin unguwa ya taru. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta leƙa ta ce: “Wannan mota ce ko tabarma aka shimfiɗa?” Daga ranar sunanta ya zama Tabarma, har mai ita ma da haka yake kiranta. Ba zan ambaci kamfanin da ya ƙera ta ba. Abin da zan iya tabbatarwa shi ne, ƙirar ƙasar Italiya ce, daga cikin tsofaffin motocin gudu da ake yin kaɗan daga cikinsu, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba.

Mai ita shi ne Alhaji Mamman Dogo, mutumin Sule Tankarkar, falken riɗi da dabbobi a Maigatari. Sunan Dogo ba a banza ya samo shi ba, kuma a bisa wannan tsawo yana ɗora doguwar hula zanna, wankakkiya, tsayayya, wadda babu mahaluƙin da ya taɓa ganinsa ba ita. Labarin yadda ya samu motar daga bakinsa na ji, ban gani ba. Ya ce yana saurayi, yana yaron mota a kamiyo, kamar yadda mutanen Nijar ke kiran babbar mota, suka kai kaya babban birninsu. Suna sauke buhuna a ƙofar gidan wani Bature ɗan kwangila, sai aka tayar da wani inji a cikin gidan.

“Malam Idi,” in ji shi, “buhu na kaina na sake shi. Ubangidana ya mare ni, ban ji ba. Na ji kukan zaki a rediyo, na ji tsawa a daji, amma ban taɓa jin abu mai tsoratarwa da daɗi lokaci guda irin wannan ba. Na ce a raina, Mamman, ko za ka mutu ba riga, sai ka mallaki wannan murya.”

Ya tsufa yana bin labarinta. Baturen ya tafi, motar ta sauya hannu, ta ƙare a lulluɓe a bayan wani gareji, har Allah ya nufa ya saye ta, ta ƙetaro gab da a rufe iyaka, ta yi ta zama a rumbunsa na Maigatari. Sarƙar da aka ɗaure ta da ita a hanya ta lotsa mata kafaɗar hagu, wato ƙarfen da ke saman taya, kuma wannan ne ya kawo ta hannunmu. Aikin inji wani makanike daga Kano ya zo ya yi a garejinmu. Ba fagena ba ne, don haka ba zan yi magana a kai ba, sai dai in ce injin a bayan direba yake, gaba kuwa ɗan akwatin ajiya ne, abin da ya sa duk wanda ya buɗe gaban sai ya ɗaga murya ya ce an sace wa Alhaji inji.

Baffa ya ciro maganaɗisunsa ya ɗora a ƙofa. Ya faɗi ƙasa. Ya ɗora a kafaɗa, ya faɗi. Ya ɗora a rufi, ya zame. Muka dubi juna. Ya ja ni gefe ya yi ƙasa da murya: “Innalillahi. Habu, an cuci bawan Allah. Motar nan gaba ɗayanta fila ce. Da laka aka gina ta.” Muka tsaya muna shawarar wanda zai faɗa wa Alhaji. Ni na ce ai babba shi ya dace, shi kuma ya ce ai mai digiri ya fi iya tsara magana. Muna cikin haka ya ƙwanƙwasa kafaɗar da bayan yatsa, sai ya tsaya cak. Fila ba ta da amo, wannan kuwa ta amsa. Na kankare ɗan wuri ta ciki inda ba a gani, fari ya bayyana. Alminiyam ne, wanda tsofaffi ke kira goran ruwa, irin na tukunya, wanda maganaɗisu ba ya kamawa. Baffa ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, yana cewa: “Mun kusa kashe Alhaji da hawan jini a kan tukunya!”

Daga nan ya kwanta rigingine, ya tura hannu ta ƙarƙashin kafaɗar, ya rufe ido. Ya daɗe haka. Da ya fito ya kama hannuna ya tura wurin. Na ji wasu ƙananan tabbai a jere, kusa da kusa, kamar sawun kaza a rairayi.

“Sawun guduma ne,” in ji shi. “Ba inji ne ya matse wannan ba. Mutum ne ya zauna, irina, ya buga shi daga falle har ya zama haka. Ji nan, bahago ne ma, dubi yadda bugun ya karkata. Kai! Ashe ina da ɗan'uwa a Italiya ban sani ba.”

Batun bahagon ban iya tabbatar da shi ba, kuma na faɗa masa haka. Ya ce in je in tambayi jami'a.

Gyaran kafaɗar ya ci mu lokaci, domin goran ruwa ba ya yafiya. Idan aka yawaita bugunsa sai ya yi tauri ya tsage, idan aka ba shi wuta kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar baƙin ƙarfe, sai dai kawai ka ga ya zube. Na taɓa karantawa cewa ana goga masa sabulu, a gasa har sabulun ya yi baƙi, a janye wuta. Muka gwada a kan tsofaffin tukwane har muka gamsu. Ni na riƙe wuta, Baffa ya bi da gudumar icce da ya naɗe wa fata. Babu fila ko cokali ɗaya a wannan kafaɗa, kuma duk mai shakka ya zo da tafin hannunsa.

Ranar da makaniken Kano ya tayar da injin, tattabarun kasuwa suka tashi gaba ɗaya, wani ɗan acaɓa ya faɗa kwata. Alhaji ya tattare babbar riga, yana ɗoki kamar yaro ranar sallah, ya durƙusa, ya tura ƙafa ɗaya, ya naɗe ɗayar, ya shige. Hular ta daki bakin rufi ta zame, ya cafe ta da sauri kafin ta bar kansa sosai. Ya sake gwadawa da sunkuyo. Ya shiga, amma hular ta lanƙwashe ta rufe masa ido. Ya karkata wuya, ta koma kunne. Ya fito da rarrafe, yana haki, ya daidaita ta, ya dubi motar, ya dubi Baffa.

“Malam Idi, abu mai sauƙi. Ka yanke rufin daidai kaina, ka buga mini ƙoƙo a sama, yadda hula za ta zauna. Ai kai ne sarkin guduma.”

Ya kamata matasa su fahimci wani abu a nan. A ƙasarmu mai sana'a ba ya ce wa babban mutum a'a. Ba a yi, musamman a shekarar da babban mutumin nan shi kaɗai ne ke kawo aiki. Abin da ake cewa shi ne: “To, ranka ya daɗe, in Allah ya yarda.” Haka Baffa ya ce. Da Alhaji ya tafi, Baffa ya ɗora tafin hannunsa a kan rufin, falle ɗaya tun daga gilashin gaba har baya, ba haɗi ba tabo, ya ce: “Mutumin Italiyan nan ya yi watanni a kan wannan. In huda shi don hula?”

Sai muka shiga ɓangaren sana'ar da ba a koyarwa, wato jan lokaci. Alhaji ya zo, aka ce gas ya ƙare. Ya aiko da gas, aka ce sai an samo goran ruwa mai kyau daga Kano. Ya aika Kano, aka ce damina ta sa ƙarfe sanyi. A tsakanin haka muna neman mafita ta gaskiya. Na kwance kujerar na duba, na tarar tana zaune a kan daɓen motar, babu inda za ta sauka. Muka zare matashin muka ajiye, muka shimfiɗa buzu, hular ta ci gaba da taɓawa, muka mayar da matashin. Baffa ya je wurin masu hula ya sayo ’yar ƙarama mai kama kai, wadda ake kira tashi-ka-fiye-naci, ya miƙa da ladabi. Alhaji ya riƙe ta da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

“Ni zan shiga Maigatari da wannan? Dillalan shanu su ce Mamman Dogo ya karye, har hularsa ta rame?”

Haƙurinsa ya ƙare wata Alhamis da safe. Ya iso garejin tare da Ɗanladi, wani mai walda da ke yanka tsofaffin tankoki a bakin tasha, wanda a wurinsa duk ƙarfe ƙarfe ne. Ɗanladi ya sauke tukunyar gas ɗinsa, ya zagaya Tabarma yana fito.

“Malam Idi,” in ji Alhaji, “na girmama ka, amma na gaji da gobe. Na tsufa ina jiran motar nan, ga ta a gabana, yaron Kano ya hau, ni ban hau ba. Yau ko ka yanka, ko Ɗanladi ya yanka.”

“Kafin a sha shayi na gama, Alhaji,” in ji Ɗanladi. “In kana so ma in yi mata taga biyu.”

Baffa ya ce: “Za a yanka, ranka ya daɗe. Amma tela ba ya sa almakashi sai ya auna. Kan mutum a zaune daban, kansa a kan hanya daban, yana tsalle. Ka shiga, ka rufe ƙofa, ka ba Habu hular ya riƙe, ba mai gani. Ku tafi Maigatari ku dawo, yana auna tsakanin kanka da rufi. In kun dawo na haɗa da tsawon hula, in yanka daidai.”

A ilimance wannan awo yana da hujja, kuma ina so a rubuta haka. Daga baya na tambayi Baffa ko dabara ce, ya ce in kawo masa doli. Amma abin da ya faɗa mini a kunne yayin da yake ba ni rula, na ji shi sarai: “In ya dawo yana kan bakansa, ni zan yanka, domin gara hannun da ya san abin da yake ɓatawa. Amma daga yau na ajiye guduma, in koma gona. Ka rufe garejin ko ka riƙe.”

Alhaji ya shiga da rarrafe, ya ja ƙofa, ya waiga hagu da dama, sannan ya tuɓe hular da hannu biyu ya ɗora mini a cinya. “Injiniya, idonka a kan rula.” Abokan aikinmu biyu suka hau babur da katakai, domin cikin Tabarma ba ya ƙetare tudun rage gudu sai an shimfiɗa mata. Muka fita gari a hankali, motar tana tari da gunaguni kamar wadda aka tasa daga barci, yara na bin mu a ƙafa suna cim mana.

Da muka bar gidajen ƙarshe, kwalta ta miƙe, gonakin gero dama da hagu. Na ɗaga rula na kai saitin kansa. Alhaji ya ce bismillahi, ya taka.

Ba zan faɗi gudun da muka yi ba, domin ban kalli agogon ba, kuma ba na rubuta abin da ban gani ba. Abin da na sani shi ne, wani abu ya danne ni a jikin kujera, rular ta bar hannuna ta koma wani wuri da ban sake ganinta ba sai bayan mako. Muryar da ke bayan kunnuwanmu ta tashi daga gurnani ta koma kuka, daga kuka ta koma wani abu mai kama da guɗa. Gero ya zama kore ɗaya. Na rungume hular da hannu biyu ina karanta duk addu'ar da na iya, har da ta cin abinci. Sai na ji wata ƙara a gefena, na zaci wani abu ya fashe. Alhaji ne ke dariya. Dattijo mai jikoki, baki buɗe, hawaye na gudu zuwa kunne, yana dukan sitiyari yana ihu: “Ita ce! Wallahi ita ce, Injiniya! Ka ji ta? Ka ji ’yar banza?”

“Na ji, Alhaji! A rage, Alhaji!”

“Ka auna?”

“Ban auna ba, Alhaji!”

“To riƙe hula!”

A ƙauyen farko mai tudun rage gudu dole muka tsaya. Motar da ta fi kowace gudu a ƙasar Gumel ta yi tsaye a bakin tudun da akuya ke tsallakewa, tana jiran babur. Muka daɗe. Mata masu tallar nono suka kewaye mu suna leƙe, Alhaji bai ko lura ba, yana ta taka mai a tsaye don ya ji muryar. Da masu katakai suka iso aka shimfiɗa, muka haye kamar amarya, ya sake takawa. Haka muka yi ta yi har Maigatari, gudu da jira, gudu da jira.

Kasuwar ta ragu a shekarar, amma Alhamis Alhamis ce. Tun daga nesa aka ji mu. Kafin mu tsaya a bakin kara, inda ake cinikin shanu, jama'a sun yi dafifi, bijimai na fizgar igiya. Alhaji ya kashe inji, ya tura ƙofa, ya fito da hannu da gwiwa, ya miƙe tsaye da dukkan tsawonsa, ya ɗaga hannu biyu sama, ya ce: “Jama'a, kun ji ta?”

Kowa ya zuba ido sama da goshinsa. Ni kuwa ina ciki, ƙafata ta maƙale, hula a ƙirji. Kan Alhaji sanƙo ne tas, kuma ya fi fuskarsa haske nesa, da layi a goshi kamar an ja da rula, yana ƙyalli a ranar hantsi. Wani tsohon dillalin shanu, abokin wasansa tun suna yara, ya matso yana dogara sanda, ya kare ido da hannu, ya ce:

“Mamman, ashe kana da kai? Mu mun ɗauka hular ce ta tsiro daga wuya.”

Alhaji ya kai hannu a hankali ya shafa. Na ga fuskarsa ta sauya, na ce a raina shi ke nan, rufi ya tafi, Baffa ya tafi gona. Na fito da ƙyar na miƙa masa hular da hannu biyu. Ya dube ta, ya dubi jama'a, ya dubi Tabarma da ke ta ƙas-ƙas tana hucewa. Sai dariya ta ƙwace masa.

“Rabon da rana ta ga kan nan tun ranar Arfa,” in ji shi. “Ku kalla da kyau, tsofaffin banza, ba kullum ba ne!” Kara ta ɗauki dariya gaba ɗaya, shi ya fi kowa. Ya tura mini hular. “Riƙe, Injiniya. Ai komawa za mu yi.”

Mun tarar da Baffa zaune a kan benci da alli a hannu, Ɗanladi kuma ya riga ya kunna wuta yana daidaita harshenta. Baffa ya miƙe, bai dubi Alhaji ba, ya dube ni.

“Nawa awon?”

“Baffa, ban samu ba. Rular ta ɓace.”

Alhaji ya fito, ya karɓi hularsa ya sa, ya daidaita ta, sannan ya ce: “Ɗanladi, kashe wutar nan kafin ka ƙona mini tabarma. Malam Idi, da iska ke bin rufin nan na ji ta kamar ana shafa mini kai. Wanda ya huda shi, ni da shi har gaban alƙali. Amma hulata ba za ta riƙa yawo a cinyar mutane ba. Ka yi mata ɗaki.”

Baffa ya jefar da allin, ya ce: “To, ranka ya daɗe, in Allah ya yarda.” A wannan karon washegari aka gama. Ya sayo kan icce irin wanda masu wankin hula ke ɗora ta a kai, ya kafa shi a wani katako da ya yanka daidai cikin akwatin gaba, ya naɗe da jar fata, ya matse gefuna da tsumma yadda ba zai motsa ba. Bai huda ko ramin ƙusa ɗaya a jikin motar ba. Na duba da kaina.

An buɗe iyaka daga baya, aiki ya dawo, kuma Baffa yana nan da gudumarsa, sai dai yanzu ni nake bugun manya, shi yana bi da tafin hannu yana nuna mini inda na yi ƙarya. Tabarma kuwa takan fito idan an yi ɗaurin aure ko suna a kan hanyar kwalta, da babur ɗin katakai a bayanta. Idan ta tsaya, Alhaji yakan fito da rarrafe, kai a buɗe, ya zagaya gaba, ya ɗaga murfi, ya ɗauko hula. Ba wanda ya kafa doka, amma daga Gumel har Maigatari, a wannan ɗan tsakani ba mai gaishe shi. Manya sukan dubi ƙasa, masu shayi su ci gaba da zuba shayi. Na taɓa ganin wani baƙo ya taso da sauri zai kai gaisuwa, tsohon dillalin nan ya tare shi da sanda.

“Ina za ka, yaro? Alhaji bai iso ba tukuna.”

Alhaji ya ɗora hular, ya daidaita ta da yatsu biyu, ya juyo ya ce: “Salamu alaikum.” Sai kowa ya miƙe.